Wata huɗu da sauya mahaɗar ƙugu, har yanzu ina ɗingishi

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 57. Wata huɗu ke nan da aka sauya mini mahaɗar ƙugu ta dama, bayan na yi wajen shekara shida ina fama da ita. Alhamdu lillahi, ciwon da ke hana ni barci ya tafi. Sai dai har yanzu ina ɗingishi. In na tashi daga zama ƙafar takan riƙe, sai na ɗan taka kafin ta saki. Ba na iya sa safa, kuma ji nake kamar ta fi ɗayar tsawo. Na ajiye sanda tun sati na biyar. Ko aikin ne bai yi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara afuwa. Abin da ka zayyana, a wata na huɗu, bai nuna aikin ya lalace ba. Tafiyar ciwon dare ita ce babbar shaidar cewa mahaɗar tana aikinta. Abin da likitan ƙashi ya sauya maka abu uku ne: ƙwallon da ke kan ƙashin cinya, ƙoƙon da ƙwallon ke juyawa a ciki, da ƙotar ƙarfe da aka zura cikin ɓargon cinya don ta riƙe ƙwallon. Tsokokin da ke jan ƙafar kuwa naka ne na jiya, waɗanda suka shekara shida suna kauce wa ciwo, sannan wuƙa ta bi ta tsakaninsu. Mafi yawan ɗingishin da ba ya tare da ciwo daga nan yake fitowa, kuma yana gyaruwa. Akwai ɗingishi mai ciwo, wanda hukuncinsa daban ne, zan zo kansa.

Ɗora tafin hannunka a gefen ƙugu, tsakanin bakin ƙashin da ɗamara ke zama a kansa da tudun ƙashin nan da kake ji a gefen cinya ta sama. Tsokar da ke ƙarƙashin hannunka ita ce uwar tafiya, likitoci na kiranta gulutiyos midiyos. Duk sanda ka ɗaga ƙafar hagu za ka yi taku, jikinka gaba ɗaya yana kan ƙafar dama, ƙugu kuma yana son ya rinjaya ta hagu inda babu abin tokarewa. Ka tuna ɗan garuwa da sandarsa a kafaɗa. In sandar ba ta zauna a tsakiya ba, gajeren ɓangaren sai an ɗora masa nauyin da ya fi kafin ta daidaita. Haka ƙugu yake: nauyin jiki yana dogon ɓangare, tsokar nan tana gajere, don haka sai ta ja da ƙarfin da ya kai kusan ninki biyu na nauyinka, mahaɗar kuma ta ɗauki ninki biyu da rabi zuwa uku. Mai kilo 70 yana ɗora wa ƙugunsa wajen kilo 200 a kowane taku. In tsokar ba ta da wannan ƙarfin, ɗayan biyu ne: ko ƙugu ya faɗa ta hagu, ko ka karkata kafaɗunka ta dama don ka rage mata aiki. Wannan karkatar ita mutane ke gani su ce kana ɗingishi.

Za ka iya gwadawa a gida. Tsaya gaban madubi kusa da tebur, hannuwa a ƙugu, ka lanƙwasa gwiwar hagu ta baya har ƙafar ta bar ƙasa. Duba hannuwanka biyu. In na hagu ya yi ƙasa, ko kafaɗarka ta tafi dama, ko ka kasa kai daƙiƙa 30, raunin ya tabbata. Wani likitan tiyata na Jamus, Friedrich Trendelenburg, shi ya bayyana alamar a 1895, kuma da sunansa za ka ji likitan gashin ƙashi yana kiranta. Rubuta daƙiƙa nawa ka yi yau, don da ita za mu auna ci gaba.

Tambayi likitanka ta ina ya shiga, domin amsar tana sauya lissafi. In ta gefe ne, wani ɓangare na wannan tsokar aka ɓanɓare daga ƙashi aka sake ɗinkewa, shi ya sa ɗingishin masu irin wannan aikin yakan fi daɗewa, kuma akan hana su ɗaga ƙafa gefe da ƙarfi na sati 6 zuwa 12. In ta baya ne, tsokar ba ta taɓu sosai ba, amma ƙa'idojin kauce wa gocewar ƙwallon daga ƙoƙonsa sun fi tsanani. In ta gaba ne, an bi ta tsakanin tsokoki, sai dai akan samu mutuwar fata, wato rashin jin taɓi, a gefen cinya da ɗaurewa ta gaba.

Maganar sanda kuma, ka yi gaggawar ajiye ta, kuma shawarata ka koma ka ɗauka. Na san abin yana da nauyi ga wanda ya riga ya nuna wa jama'a ya warke. Amma duk takun da ka yi a karkace, kana koya wa jikinka karkatar ne, tsokar kuma tana samun hanyar gudun aiki. Riƙe ta a hannun hagu, wato hannun da ke ɗaya gefen, ta sauka ƙasa tare da ƙafar dama. Mutane da yawa suna riƙe ta a gefen da aka yi aiki, sai ta ƙara musu karkata. Tsawonta: in ka tsaya da takalminka ka saki hannu, kan sandar ya zo daidai wuyan hannu, yadda in ka riƙe gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwashe kaɗan. Kwagirin da ya yi tsawo yana ɗaga kafaɗa, wanda ya gajarta yana sa sunkuyo. A sa masa roba a gindi. Ranar ajiye ta ba kalanda ke faɗa ba. Sa wani ya ɗauke ka bidiyo ta baya da waya, kana taku goma da sanda, goma babu. Ranar da biyun suka zama iri ɗaya, ka fara barinta a cikin gida, sannan a gajeriyar tafiya, doguwar tafiya ita ce ta ƙarshe, don gajiya tana dawo da ɗingishi.

Yawo kaɗai ba ya gina wannan tsokar. Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi: mutum ya riƙa zaga unguwa safe da yamma yana ƙirga kilomita, alhali tafiyar ma da karkata yake yin ta. Tsoka sai an ɗora mata nauyin da ya fi wanda ta saba take ƙaruwa. Ga abin da ya dace da wata na huɗu, bayan likitanka ya amince.

Fara da ɗaga ƙugu. Kwanta rigingine a gado mai tauri, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a shimfiɗe da ɗan rata tsakaninsu. Matse ɗuwawu, ɗaga shi har cinya da ciki su miƙe, ƙirga biyar, sauke a hankali. Sau 10, zagaye uku. In bayan cinya ne ke murɗewa, jawo dunduniya kusa da ɗuwawu. In baya ne ke ciwo, ka ɗaga fiye da kima.

Sai ɗaga ƙafa a kwance ta gefe, wanda shi ne zuciyar aikin, kuma shi aka fi ɓatawa. Kwanta a gefen hagu da matashi tsakanin gwiwoyi, bayanka a jingine da bango. Miƙe ƙafar dama, dunduniya tana gogar bangon, yatsu suna kallon gaba. Ɗaga ta kamar taƙi ɗaya, santimita 20 zuwa 30, ba tare da dunduniyar ta rabu da bango ba. Dalilin bangon shi ne, in babu shi ƙafar takan zame gaba, yatsu su kalli sama, sai tsokar gaban cinya ta karɓe aikin, a yi wata biyu ana ɗagawa ba a taɓa inda ake nufi ba. Gajiyar ta fito a gefen ɗuwawu, inda ka ɗora hannu ɗazu. In ba ka iya ɗaga ta ko kaɗan, fara a tsaye, kana dafa tebur kana buɗa ƙafar gefe, jiki a miƙe. In ka iya yin 15 cikin sauƙi, ɗaura rabin kilo a idon sawu, ƙaramar jakar yashi ta isa, ka riƙa ƙarawa har kilo 2.

Daga nan sai aikin tsaye, inda ƙarfin ke komawa tafiya. Tsayuwa da ƙafar dama gaban madubi, ka fara da daƙiƙa 5 kana dafa tebur da yatsu biyu, burin ka kai 30 ƙugu a daidai. Tafiya gefe-gefe a jikin bango, taku 10 zuwa, 10 dawowa, daga baya a sa robar motsa jiki a saman gwiwoyi. Hawa dakali mai tsayin santimita 10 da ƙafar dama, a sauko a hankali, sannan a ƙara zuwa 15 da 20. Tashi daga kujera ba tare da dafa hannu ba, nauyi a rabe daidai, domin masu sabon ƙugu sukan jingina kan lafiyayyar ƙafa ba su sani ba. A yi wannan rana ɗaya a huta rana ɗaya. Tsamin jiki da ya wuce kafin washegari ba komai ba ne. Wanda ya kwana biyu, ko ya ƙara ɗingishi, yana nufin an zarce, a rage kashi ɗaya cikin uku. Kafin a ga bambanci na gaske akan ɗauki sati 6 zuwa 12.

Riƙewar da ka ambata iri biyu ce a haɗe. Wadda ke zuwa bayan zama ta saki bayan 'yan taku, ba tare da ciwo mai suka ba, ta tabon ciki ce da sauran kumburi, kuma takan yi watanni tana raguwa. Kada ka wuce minti 30 zuwa 45 a zaune ba ka miƙe ba. Kafin ka tashi, motsa ƙafar gaba da baya sau biyar, in ka miƙe ka matse ɗuwawu ka daidaita tsayuwa, sannan ka taka. Tsumma mai ɗumi na minti 15 kafin motsa jiki yana taimakawa, amma kada a gasa wurin da fatar ta mutu, don za ta ƙone ba ka ji ba.

Ta biyun ita ce gajartar tsokar gaban ƙugu. Mai ciwon ƙugu yakan zauna da cinya a ɗan lanƙwashe shekara da shekaru, har tsokar ta ƙage a haka. Tafiya mai kyau tana buƙatar cinya ta wuce jiki ta baya da kamar digiri 10. In ba ta wucewa, takun lafiyayyar ƙafa yana gajarta, mutum ya turo ɗuwawu baya, baya ya fara ciwo. Kwanta rigingine ka rungume gwiwar hagu zuwa ƙirji. In cinyar dama ta taso daga gado, ga ta nan. Maganinta miƙewa a tsaye: ƙafar dama a baya, hagu a gaba, yatsu suna kallon gaba, matse ɗuwawun dama ka tura ƙugu gaba har ka ji ja a gaban cinya, daƙiƙa 30, sau uku, safe da yamma. Kwanciya rubda ciki ta minti 10 zuwa 15 ma tana yi. Wanda aka shiga masa ta gaba ya nemi izini tukuna, don miƙa ƙafa baya tare da juya ta waje shi ne yanayin da irin nasa ke gocewa.

Safa kuwa tana neman lanƙwasawar da ta kai wajen digiri 120, zama a kujera 90 kawai yake nema, shi ya sa takan zo a ƙarshe. In an ɗage maka ƙa'idoji, hanyar kai hannu ƙafa ita ce gwiwa ta buɗe waje, hannu ya bi ta tsakanin ƙafafu. Hanya mai haɗari ita ce gwiwa ta faɗo ciki, dunduniya ta fita waje, mutum ya sunkuya ta gefen ƙafar. Ka lura da kanka wajen alwala, don a nan ake yin wannan ba da sani ba: an zauna a 'yar gajeriyar kujera, buta a ƙasa, an karkato gwiwa ciki ana cuɗa dunduniya. Zauna a kujerar da ƙugu ya fi gwiwa tsayi, a ɗora butar a kan wani abu, ko wani ya zuba maka. Sujada da zaman tahiya suna haɗa lanƙwasawa mai zurfi da murɗawa, don haka ka ci gaba da salla a kujera har likitanka ya ba ka izini da bakinsa. Hadisin Imrana ɗan Husaini ya ba wanda bai iya tsayuwa ba damar yi a zaune. Masai na tsuguno ka bar shi, a samo kujerar banɗaki mai tsayi. Likitoci da yawa suna hana tsuguno mai zurfi har abada, wasu suna bari gwargwadon girman ƙwallon da aka sa da yadda ƙoƙon ya zauna, don haka hukuncin wani ba naka ba ne.

Batun tsawo, kada ka yi saurin kai takalmi a ƙara masa dunduniya. Kafin aiki ƙafar takan gajarta saboda guringuntsi da ƙashi sun cinye, ƙugu da baya su karkace su saba da haka. Da aka mayar da tsawon asali, sai jiki ya ji ta yi tsawo. Tsokar gefe ma in ta ɗaure tana jan ƙugu ƙasa ta wannan ɓangaren, ƙafar ta yi kamar ta ƙaru alhali ƙashi daidai yake. Irin wannan yakan baje cikin wata 3 zuwa 6, kuma in aka yi ƙari a takalmin hagu da wuri, an kafe karkatar ke nan. Tsawo na gaskiya ana auna shi da tef daga tsinin ƙashin ƙugu na gaba zuwa idon sawu na ciki, da sa allunan katako ƙarƙashin gajeriyar ƙafa har ƙugu ya daidaita, da hoton ƙashi. Bambancin da bai kai santimita 1 ba yawanci jiki yana shanye shi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. In ɗingishin yana tare da ciwo, wurin ciwon da lokacinsa suna nuna inda za a duba. Ciwo mai zurfi a cinya a takun farko bayan tashi, wanda ke ƙaruwa sati bayan sati, yana sa a zargi ƙotar ba ta kama ƙashi ba ko ta nutse, sai an gwada sabon hoto da na ranar aiki. Suka a matsematsi lokacin ɗaga ƙafa za a shiga mota ko hawa gado yakan zama jijiyar gaban ƙugu ce ke gogar bakin ƙoƙon. Ciwo a tudun ƙashin gefe da ke hana kwanciya ta wannan ɓangaren na kumburin jijiyoyin wurin ne. Wanda ke saukowa daga ɗuwawu ya wuce gwiwa, da jin kamar tafiyar kiyashi, a duba gadon baya. Ƙafar da yatsunta ke jan ƙasa, mutum ya kasa ɗaga su sama, jijiyar laka mai motsa ƙafar ce ta taɓu, tana buƙatar takalmin tallafi da gwaji. In kuma riƙewar ƙaruwa take maimakon raguwa, motsin yana tsayawa cak kamar ƙofa ta bugi dutse, akwai yiwuwar ƙashi ya tsiro a cikin tsoka kewaye da mahaɗar. Ya fi samun maza, yana bayyana a hoto cikin watannin farko, ƙaraminsa ba ya hana komai, babba kuma ba a cire shi sai ya gama nuna.

Wanda ba a jira da shi shi ne ƙwayar cuta. Ciwon da ya dawo ko a kwance, zazzaɓi, ja da zafi a tabo, ruwa ko mugunya, ko da ɗan ɗigo ne. Wani lokaci babu zazzaɓin ma, sai ciwo mai naci kawai. Ana fara da gwajin jini na ESR da CRP, masu nuna alamar kumburi a jiki, in sun hau a zuƙo ruwan mahaɗar da allura. Ina roƙonka kada ka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta daga kemis kafin wannan gwajin. Yana ɓoye ƙwayar ba tare da ya kashe ta a jikin ƙarfe ba, har akan jira sati biyu bayan daina shi kafin gwajin ya yi amfani. Kumburin sharaɓa mai ciwo, numfashi sama-sama ko ciwon ƙirji, da kasa taka ƙafa farat ɗaya ta gajarta ta juye, waɗannan na zuwa asibiti ne a ranar.

Za a samu masu ba ka shawarar a kai ka a ja ƙafar ko a murɗe ta ta saki. Kada ka yarda. Hikimar mai ɗori a kan karaya take, wannan kuwa ƙwallo ne zaune a ƙoƙo, tsoka da tabo kaɗai ke riƙe da shi. Ja da murɗawa na iya fitar da shi ko su tsaga ƙashi a gindin ƙotar, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Tausa mai laushi a tsoka ba laifi. Haɗe-haɗen ƙwayoyin ciwon jiki da ba a san abin da ke ciki ba su ma a guje su, haka yawan shan dikulofenak da ibufurofen ga mai gyambon ciki, ciwon ƙoda ko mai shan maganin tsinka jini. Masu sikila da aka yi wa wannan aikin saboda mutuwar kan ƙashin cinya su ƙara lura: sau da yawa ɗaya ƙugun ma ya taɓu kuma shi ke kawo ɗingishin, ƙarancin jini yana gajiyar da su da wuri, haɗarin ƙwayar cuta kuma ya fi yawa a wurinsu.

Sauƙi mafi sauri yana zuwa a wata ukun farko, amma ƙarfi yana ci gaba da ƙaruwa har shekara, wasu ma fiye, musamman wanda ya daɗe da ciwon kamarka. Ka samu likitan gashin ƙashi ya duba yadda kake yin motsin ko sau ɗaya a sati biyu, ka yi sati shida cur, ka sake gwajin madubi da bidiyo. In daƙiƙun sun ƙaru, kana kan hanya. In ka kai wata shida babu motsi, ko har lokacin ba ka iya ɗaga ƙafar a kwance ta gefe, ka koma wurin likitan da ya yi aikin da tambayoyi uku: shin ɗinkin tsokar gefe ya riƙe, wanda hoton MRI na musamman mai rage hasken ƙarfe ko na'urar duban ciki ke nunawa; shin jijiyar da ke motsa tsokar tana aiki; shin tazarar da ke tsakanin ƙwallon da ƙashin cinya ta koma yadda take a ɗaya gefen, domin in ta ragu tsokar takan yi sako-sako komai ƙoƙarinka. Ka tafi da hotunanka na farko da takardar sallama mai ɗauke da irin ƙarfen da aka sa maka.